Wasanni Huɗu na Baba

Gwani ake ce masa tun yana sakandare, lokacin da babu mai iya kayar da shi a shagon gem na bakin titi. Yanzu ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana da rumfar gyaran waya a hawa na biyu na kasuwar kayan lantarki. Ban da gyara, yana loda wa mutane tsofaffin wasanni a 'yan na'urorin nan na hannu masu kwaikwayon injinan gem na da. Ka ambaci wasa kawai, zai gaya maka shekarar da ya fito da inda kowa yake maƙalewa a cikinsa.

Da mahaifinsa ya tashi daga jinya, hannunsa na dama ya yi nauyi. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu. Gwani ya ga abin nasa ne ya zo. Ya zaɓi na'ura mafi kyau a rumfar, ya cika katinta da wasanni dubu shida, ya kai gida da kansa.

Baba ya danna, wani ɗan soja a allon ya faɗa rami, aka mayar da shi farko. Sau uku ana haka. Ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ɗora ta a kan firji. Nan ta yi kwana goma sha ɗaya.

Ƙanwar Gwani, autar gidan, malamar aji ɗaya ce a firamare, ba ta san sunan wasa ko guda ba. Ita ta sauko da na'urar, ta zauna kusa da Baba yamma biyu suna gwadawa. Duk wasan da ya sa shi tsaki ta wuce shi. Ta ware huɗu ta sa su a gaba: na kamun kifi, na jera tubala, na shuka a gona, da na wata mota da ko ta bugi bango ba ta fashewa. Dukkansu maɓalli biyu sun isa, rubutunsu manya, kuma in ka ajiye ka dawo, daga inda ka tsaya za ka ci gaba.

Ranar da Gwani ya zo, ya tarar da Baba a falo, tabarau a kan hanci, shayi ya huce a gefe.

"Baba, ina wuni?"

"Dakata, kifi ya kama." Sai da ya fito da shi ya ɗago. "Auta ce ta gyara min abin nan naka."

Kalmar gyara ta sosa wa Gwani rai. Ya bi Auta kicin.

"Wasannin yara kika sa masa."

"Haba Yaya, mutum yatsunsa na ciwo ka tura shi yaƙi?"

"Kin san abin da ke cikin katin nan kuwa?"

"Ban sani ba. Ni dai fuskarsa na riƙa kallo."

Mako guda Gwani ya yi yana tace wasanni tsakanin gyara da gyara, har wata mai jiran wayarta ta tambaye shi ko lafiya. Ya samo na wani ɗan aike mai raba wasiƙu a keke, mai sauƙi da launi mai kyau, ya je ya sa wa Baba. Baba ya so shi ƙwarai. Da aminin Baba ya zo dubiya, Gwani na zaune, Baba ya nuna masa allon ya ce, "Ka ga, Auta ta ƙaro min wani."

"Ni ne, Baba."

"To, ta koya maka ke nan."

Yanzu duk wanda ya kawo na'ura rumfarsa, Gwani sai ya tambaya wa zai buga, shekarunsa nawa, yana da haƙuri ko babu. Ba ya wuce wasa goma. Mutane na yaba masa, bai taɓa faɗin inda ya samo dabarar ba.

Hannun Baba ya saki, har yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Amma har yau, in Auta ta shigo Baba ya matsa mata a kujera don ta ga gonarsa ta cikin wasa, Gwani yakan miƙe ya ce bari ya duba tayar mota.