Iskar da ta shiga motar yayana

Shekarun baya, tun Turawa ba su tafi ba, ni da yayana muna da wata tsohuwar mota mai shan man gas a Jibiya. A hannun wani Bafaranshe ya saye ta a Maraɗi bayan ta gama gajiya. Muna ɗibar 'yan kasuwa da buhunan gyaɗa tsakanin Magama da tsallaken iyaka. A garkar bayan gida muke gyaranta da kanmu. Na ce da kanmu, amma gaskiya shi ke gyara. Ni aikina in tsaya a gefen dama in danna famfon mai da hannu har ya ce ya isa. Shekara shida ban taɓa zagayawa na ga abin da yake yi a ɗaya gefen ba.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Ya bar matarsa da 'yarsu tana goye.

Ban iya fita aiki ba. Kullum da safe sai in tayar da motar in zauna a ciki, wai kada inji ya kwanta. Haka na yi ta yi har wata safiya ta yi tari ta mutu, mai ya ƙare ƙaf. Na sayo na zuba, ta ƙi tashi. Ashe mota mai gas ba kamar mai fetur ba ce, in ta shanye tanki sai ta zuƙi iska, kuma sai an fitar da iskar nan.

Ana nan matar yayana ta gama takaba. Mahaifinta ya aiko cewa ran Lahadi zai jira ta a wajen 'yan duwan, wato kwastan na Faransa a bakin iyaka, in kai ta da kayan ɗakinta. Kwana uku ina danna famfo ina kwance notinan da ba su da laifi. Hannuna duk ya farfashe. Ban gaya wa kowa ba, amma duk yammar da ta ƙi tashi sai in ji wani sauƙi a raina.

Ran Asabar da hantsi ta fito garkar da ƙaramin kwanon sha a hannu. Da mu abokan wasa ne, amma rabon da ta tsokane ni tun ranar jana'iza.

"Ƙanen miji, mi kake nema a nan? Injin ɗin kake son tuɓewa tsirara?"

Na ce, "Yaya, ki koma ciki, aikin maza ne."

"To, namiji, ina notin iska?"

Ta zagaya gefen hagu, ta ɗora yatsa kan wani ɗan noti a saman filta.

"Wanga ne. Ni ke tara mashi kwano don kada gazuwal, man gas ɗin nan, ya zube a ƙasa. Kai kana can kana dannawa kana hamma. Sassauta shi kaɗan, ka koma wurinka."

Na sassauta, na koma gefen dama na fara dannawa. Ta ce kumfa ne ke fita, in ci gaba. Na danna har kafaɗata ta riƙe. Can ta ce, "Ya isa," daidai yadda yake faɗa. Hannuna ya tsaya da kansa.

Na ɗaure notin, muka sake yin haka a jikin famfon inji. A murɗawa ta uku motar ta kama, baƙin hayaƙi ya cika garkar. Babu wanda ya yi murna a cikinmu. Ta juye man da ke kwanon cikin tanki, ta shiga haɗa kaya.

Washegari na kai su. Ban yi sauri ba, ita ma ba ta ce in yi ba. A shingen duwan mahaifinta ya karɓi jaririyar, muka sauke gado da kwalla. Ta ce, "Ka riƙa duba tanki." Na ce to.

Na riƙe motar shekara biyu bayan haka, ban ƙara bari mai ya ƙare ba. Ba wai na zama gwani ba ne, aikin ne na mutum biyu. Har yau nakan yi tunanin ranar Asabar ɗin. Ta ga irin gyaran da nake yi kwana uku, ta san in ta yi shiru motar ba za ta tashi ba. Ban taɓa tambayarta ko ta so yin shirun ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya. Allah ya jiƙansu duka.