Ranar da Tsoho Pang Ya Ƙona Sukari

A unguwarmu ta bakin kogi a birnin Wuxi na ƙasar Sin babu wanda bai san bakin Tsoho Pang ba. Direban bas ne har ya yi ritaya, mutum ne mai daɗin zama, sai dai in an zo maganar abinci. Matarsa, Meng Guilan, ta fi kowa a layinmu iya jan nama, wato naman cikin alade da ake dafawa da sukari da ruwan waken soya har ya yi ja yana sheƙi. In ta ɗora, har gidanmu da ke saman nasu muke jin ƙamshin. Amma duk ranar da ta ajiye masa sai ya ɗanɗana, ya ce ba laifi, sai dai bai kai na marigayiya mahaifiyarsa ba. Ko a gaban baƙi haka yake faɗa. Ita kuwa sai ta ƙara masa shinkafa kawai.

Bara da sanyi Guilan ta zame a matakala ta karye a ƙugu. Da aka sallamo ta daga asibiti abinci ya fita ranta, sai wata rana ta ce jan nama take marmari. Pang ya ce shi zai dafa, ai ya sha ganin yadda mahaifiyarsa take yi. A kasuwa matar da ke sayar da nama ta tambaye shi wane yanki yake so, ya tsaya yana kallonta. Ita ta zaɓar masa mai tsoka da kitse hawa-hawa, tana tsokanarsa wai ashe malamin ɗanɗano bai san cikin alade daga cinyarsa ba.

A ranar ne yayarsa Shoufen ta zo dubiya. Tana ɗaki wajen Guilan, shi yana kicin. Ya zuba sukari a mai, ya buɗe wuta, ya juya yana yanka citta. Kafin ya waiwayo sukarin ya yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Ya zuba naman a haka, ya ƙara ruwa da giyar shinkafa ya rufe. Da ya nuna ya ɗauki yanka ɗaya ya kai baki. Ɗaci ne har maƙogwaro, amma ya kasa tofarwa, don ya san wannan ɗacin.

Shoufen ta leƙo ta ɗanɗana, ta kama dariya har da riƙe ƙofa.

"Ƙanena, wannan ai na Mama ne sak."

Ta tuna masa cewa mahaifiyarsu ba ta taɓa dafa shi sukarin bai ƙone ba, ga murhun kwal, ga yara suna jan ta ta ko'ina. Nama kuma sai sabuwar shekara suke gani, yunwa ce take sa su lashe kwano.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin a kan matakala, kansa a ƙasa. Ya ce ya ɗauki tukunyar zai zubar, Guilan ta kira daga ɗaki ta ce a kawo mata. Ta ci yanka biyu a hankali, ta ce rabonta da wannan tun shekarar da aka kawo ta gidansu. Ya tambaye ta, ashe ta sani, me ya hana ta faɗa?

"Tsoho, uwarka ce fa. Me zan ce maka?"

Ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Shoufen ba ta iya riƙe magana, kafin mako ya zagayo labarin ya game layi. Pang ya daɗe bai je inda tsofaffi suke buga dara ba, don yana dosowa wani zai ɗaga hanci ya ce yana jin ƙauri. Yanzu Guilan tana zama a kujera bakin kicin da sandarta, in ta ce rage wuta ya rage, ba musu. Kwanan nan ya hawo mana da kwanon jan naman da ya dafa. Bai yarda mun haɗa ido ba, ya ce in akwai gyara mu faɗa masa shi, in ya yi daɗi mu sauka mu gaya mata.