Ranar da aka ɗaga Baba sama a Inugu

Shekarun baya, ina gama sakandare ke nan, na raka mahaifina Inugu kallon kiɗa, na dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. A gidanmu labarin ya daɗe da zama abin dariya, amma ni har yau bai taɓa ba ni dariya ba. Bari in ba ku shi yadda ya faru.

Mahaifina albasa yake sayarwa a kasuwar Ose da ke Anacha, kuma a garin aka haife mu gaba ɗaya. In ka gan shi a rumfa da babbar riga da carbi, ga gemu fari fat, ba za ka taɓa kawowa a ranka cewa mutumin nan mayen kiɗan rok ba ne. E, rok dai, wannan mai jitar lantarki da ke ihu kamar ana yanka ƙarfe. Tun yana saurayi ya kamu, lokacin yana yaron wani ɗan kasuwa a Inugu. Rumfar maigidansa tana bayan wani otal inda wasu samarin Ibo ke gwajin kiɗa da rana. Ya ce ranar da ya fara jin kukan jitar nan, sauke buhun da ke kansa ya yi, ya jingina da katanga, bai motsa ba sai da aka aiko nemansa.

Rakoda ya fara mallaka a duniya kafin katifa. Duk inda ya ji za a yi wasa, Aba ne, Fatakwal ne, Oweri ne, yana can, da rakodarsa da butarsa a jaka. Lokacin salla ya yi, ya fita waje ya yi abarsa ya dawo. Bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, bai taɓa taka rawa da kowa ba. Kiɗan kawai ya kai shi. Abin da ya ɗauko a waɗancan shekarun yana nan cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kaset a kan kaset.

Kuma fa ba ya ƙaunar kiɗan da aka shiga ɗaki aka gyara aka fito da shi tsaf. Cewa yake yi wannan miya ce ba albasa. A nasa kaset ɗin za ka ji igiyar jita ta tsinke ana tsaka da wasa, mai ganga ya kauce ya dawo hanya, wata mata a cikin jama'a ta fasa ihu don daɗi. Wai a nan ran abin yake. Ranar Lahadi da babu kasuwa sai ya jawo akwatin, ya sa biro ya murza kaset, ya ƙure murya. Mahaifiyata ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, don girman Allah rage. Maƙwabta za su ce janareta muka saya." Shi kuwa ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Zo nan, uwata. Rabu da mai ihun can. Saurari wancan mai kaurin muryar da ke ƙasa-ƙasa. Shi ke riƙe da gidan, sauran duk yaransa ne." Ban gane komai ba, amma ina son kallon fuskarsa a irin wannan lokacin. Duk gajiyar kasuwa sai ta wanke, ya koma yaro.

Abokan kasuwancinsa sun yi tsiyar har sun gaji. Wani ya ce Alhaji mai kiɗan aljanu, wani ya ce a kai shi ruƙiyya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kunnen kowa da abincinsa."

Ni kuma matsoraciya ce, kuma tsorona yana da asali. Ina ƙarama aka taɓa yin wani rikici a garin, wata maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta ɓoye mu a ɗakinta, daga baya aka kwashe mu zuwa bariki. Ban ga komai da yawa ba, amma na ji ihun taron mutane suna gudu a kan layinmu. Tun daga ranar, in mutane suka haɗa murya wuri ɗaya, ko ƙwallo ake kallo, sai in nemi wurin ɓuya.

To sai ga labari cewa tsofaffin makaɗan nan na bayan otal, waɗanda suka rage a raye, za su yi wasa a wani fili a Inugu tare da yaran zamani. Lokacin ba a daɗe da yi wa Baba aikin yanar ido ba. Mahaifiyata ta ce ba inda za shi. Ya ce ko da rarrafe. Aka yi ta ja, har ta ce, "To in dai sai ka je, ga 'yarka nan ta riƙe maka hannu. Ke kuma kada ki sake shi ko da tari zai yi." Na so in ce ba zan iya ba, amma na dubi yadda yake goge rakodarsa da gefen riga, sai na ce to.

Muka isa Inugu muka sauka gidan goggona a unguwar Abakpa, muka yi la'asar, muka hau keke zuwa filin. Jama'a, ban taɓa ganin mutane haka ba. Samari da baƙaƙen riguna, wasu da sarƙa a ƙugu, 'yan mata da wanduna a yayyage. Na duba gabas, na duba yamma, babu hula ko ɗaya sai ta Baba, babu hijabi sai nawa. Na ƙara damƙe hannunsa na ce, "Baba, mu tsaya nan baya."

"A baya ai ƙura ake ɗauka, ba kiɗa ba," in ji shi. Ya ja ni muka kutsa har tsakiya, daidai inda yake cewa sautin lasifikar dama da na hagu ke haɗuwa.

Yara suka yi nasu suka sauka. Sai tsofaffin suka hau, ɗaya ma sai da aka kawo masa kujera ya zauna da jitarsa. Na ce a raina waɗannan ai sai dai su yi mana tari. Wallahi tsohon nan na taɓa igiya ɗaya na ji ƙarar ta shiga ta tafin ƙafata ta fito ta haƙorana. Baba ya zare hannunsa daga nawa, ya danna rakoda, ya ɗaga ta sama da kansa da hannu biyu. Haka yake yi ashe. Ba ya tafi, ba ya magana, don kada ya ɓata ɗauka. Amma leɓɓansa suna bin waƙar kalma bayan kalma ba tare da sauti ba, ƙafarsa na dukan ƙasa, kansa na sama da ƙasa har gemun na rawa. Na ga hawaye na bin gefen idon da aka yi wa aiki.

Samarin da ke kusa da mu suka fara lura. Wannan ya taɓa wancan ya nuna shi. Suka fara zagaye mu. Ni dai na riƙe gefen rigarsa. Sai wani ƙato, mai jan ƙyalle a goshi, ya ɗaga murya da Turancin buroka: "Aboki! Carry am!" Wato a ɗauke shi. Sauran suka amsa gaba ɗaya, "Aboki! Aboki!"

Kafin in ƙifta ido hannuwa sun rufe shi. Suka ɗaga shi sama a kwance, rigar ta suɓuce daga hannuna, na ga ƙafafunsa a iska ana miƙa shi daga wannan zuwa wancan, yana nisa. Ni ban san cewa a wajen masu wannan kiɗan haka ake karrama mutum ba. Abin da na sani shi ne taron mutane sun kama Bahaushe suna kiran aboki, kuma na san yadda irin wannan labarin yake ƙarewa. Na ce shi ke nan, an kashe mini uba a gabana, ni da aka ce kada in sake shi.

Ban san lokacin da na faɗa cikinsu ba. Ni da ko kaza ba na iya kamawa, na dinga ture ƙarti ina ihu, "Ku sake shi! Bai yi muku komai ba! Tsoho ne, ba ya gani!" Da Hausa fa nake yi, kuma ko ni ba na jin muryata. Aka take mini takalmi ya fita. Hijabina ya maƙale a sarƙar wani ya yage. Na cim ma mai jan ƙyallen nan, hannunsa na sama, na kama damtsensa na gantsara masa cizo da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ya yi wata ƙara, ya kira uwarsa da yaren Ibo, ya juyo. Na rufe ido ina jiran duka.

Dukan bai zo ba. Ya kalle ni, ya kalli hijabina, sai ya kama kafaɗuna ya juya ni wajen dandamali yana nunawa. Na buɗe ido.

Ga Baba can a tsaye a kan dandamali, hularsa daram a kansa. Daga baya na ji ashe wani yaro ne ya dafe masa ita duk tsawon tafiyar don kada ta faɗi. Rakodar na nan sama, bai sauke ta ba. Tsohon mai jita ya tashi daga kujerarsa, ya rungume shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kan igiya. Filin ya ɗauki sowa. Baba yana dariya, irin dariyar da ban taɓa ganin ya yi ba ko ranar da aka yi masa jika, baki har kunne.

Ni kuwa sai na zube a ƙasa, kuka ya ƙi fita, numfashi ya ƙi shiga. Wata mata mai sayar da ruwa ta ja ni gefe ta dinga zuba mini a ka. Wanda na ciza, da jini a hannunsa, shi ya kutsa gaba ya gaya wa Baba halin da nake ciki. Na hango tsohon mai jita yana riƙe masa riga, yana nuna masa da yatsa cewa ya tsaya, saura waƙa ɗaya. Baba ya girgiza kai. Ya sauko da rakodar, ya kashe ta ana tsaka da kiɗa, ya lallaɓo ya sauko.

Ya tsuguna a gabana ya ce, "Uwata, ga ni. Taɓa ni ki ji." Na taɓa fuskarsa, sai a lokacin kukan ya zo. Ya ba saurayin haƙuri, saurayin ya yi dariya ya ce da shi ke da 'ya irin wannan, ba zai sayi kare ba. Baba ya cire takalminsa ya sa mini, ya taka a ƙasa har bakin titi.

A cikin keke na ce masa na ba shi kunya. Ya ce, "Ba ki yi wauta ba. Abin da kunnenki ya taɓa ji ne ya ciji yaron nan. Ni ne ban yi tunani ba."

Da muka koma Anacha ya tura akwatin can ƙuryar gado, ya ce ya yi sallama da zuwa wasa. Lahadi ta zo ta wuce shiru, wata ma ta zo ta wuce. Sai ka gan shi zaune a tsakar gida yana kallon bango. Mahaifiyata da kanta ta ce gidan ya koma kamar na zaman makoki. Wannan ya fi cizon damuna. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana shiga cikin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, da hularsa da butarsa, bai taɓa ɓoye ko wane ne shi ba, har suka ɗauke shi a kansu. Ni da aka haifa a garin, nake jin yarensu fiye da shi, ban taɓa samun wuri a cikinsu kamar yadda ya samu ba. Ga shi tsorona ya zo ya raba shi da wurin.

Da na ji za a sake wani wasan a Fatakwal, ni na je na same shi a rumfa na ce ya shirya. Ya ce a'a. Na ce to ni zan tafi ni kaɗai, in ya so ya zauna ya yi gadin albasa. Ya dube ni ya dube ni, sannan ya ce wa maƙwabcinsa ya kula masa da rumfa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Har yau ban iya shiga filin wasa ba. Ranar ma a bakin ƙofa na tsaya, na ce ya shiga, zan jira. Na samu benci wajen wani mai suya ɗan Sakkwato na zauna. Can sai filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya, kofin ruwan da ke hannuna ya fara zuba a kan zanena. Mai suyan ya ce, "Lafiya, 'yan mata? Ko in tsayar miki da keke?"

Na riƙe kofin da hannu biyu na ce, "A'a, bar shi. Babana ne a ciki, bai gama ba."