Gem ɗin da Ba a Kashewa

Duk wadda ta taɓa kai ɗinki wurin Mai Keke ta san dokar ɗakinta. Ki zauna inda kika ga dama, ki yi mata tsiya son ranki a kan alkawarin da ta saɓa, amma kada ƙafarki ta kusanci lungun bayan ƙofa. A nan akwai ɗan tebur lulluɓe da yadi mai ruwan toka, wayoyi sun fito ta ƙarƙashinsa sun bi bango, ga kuma wata 'yar jar fitila da ke huda yadin ko da rana tsaka. Mace ce mai barkwanci, ta daɗe a kan keken ɗinki har kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace. Amma in baƙuwa ta ja kujera wajen teburin nan, sai ta ji wata murya da ba ta san Mai Keke na da ita ba.

Abin da ke ƙarƙashin yadin gem ne, na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, irin na farko-farkon nan mai cin kaset, wanda sai an hura masa iska da baki kafin ya ga damar tashi. Shekararsa ashirin da biyu a kunne.

Mijinta Injiniya ake ce masa, kodayake unguwa ce ta ba shi digirin. Da gyaran rediyo ya fara, da gem ya shigo gari sai ya koma kansa. A hannunsa aka yi zamanin kaset, aka zo na faifai, har aka iso na yanzu da ba ka ganin abin da ka saya, sai dai a ce maka yana ciki. In ka ba shi fuska zai wuni yana gaya maka cewa na yau duk ragwanci ne, tunda mutum zai ajiye wasa ya je ya yi barci, gobe ya ɗora. Na da kuwa ba ya ajiye komai. Ka kashe shi, ko da ka kai bakin ƙarshe, ka koma farko ke nan.

Yana da ƙane, Auta, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu. Ko da Auta ya yi gemu, magana uku ba ta haɗa su sai ta huɗun ta zama faɗa. Gem ɗin nan ne kaɗai ya iya da su. Wasu 'yan sojoji ne guda biyu a ciki, ja na Injiniya, shuɗi na Auta, kuma hoton ba ya matsawa gaba sai dukansu sun taka. In ɗaya ya tsaya, dole ɗayan ya jira shi. Mai Keke, tana amarya a lokacin, takan ce a talabijin kawai ta taɓa ganin mijinta yana jiran wani ba tare da mita ba.

Wata ranar Talata bayan azahar suka kai inda ba su taɓa kaiwa ba, wata gada a mataki na bakwai, gaban wata ƙofar ƙarfe. Sai Auta ya danna abin tsayar da wasa, ya karkata kai.

"Ana kirana a waje," in ji shi.

"Wa ke kiranka? Ni ban ji komai ba."

"Ga shi nan kuwa, sau biyu ke nan. Yaya, kada ka kashe."

Mai Keke na bakin taga tana saka zare a allura, ita ma ba ta ji kowa ba. Auta ya zura silifas ɗin wansa ya fita. An je asibitoci, an je wurin 'yan sanda, an bi tashoshin mota da hotonsa har hoton ya koɗe. Ko wanda zai ce ya ga wucewarsa ba a samu ba.

Injiniya bai yi kuka a gaban kowa ba. Batirin mota ya samo ya haɗa wa gem ɗin, ya ƙara na biyu saboda ranar canjin batir, daga baya ya kafa sola a rufi. Duk farkon wata sai ya kunna talabijin, ya zauna yana kallon sojojin nan biyu tsaye a kan gada. In ya tashi kuma sai ya yi kwana uku abinci ba ya wuce masa. Kowa ya san abin da ke ransa, ko da bai faɗa ba: muddin fitilar nan na ci, Auta fita kawai ya yi.

A shekara ta goma sha uku Injiniya ya yi tafiyar kwana huɗu sayen kayan gyara. Mai Keke na goge daɓe da hantsi, sandar gugar ta maƙale a waya, ta fizgo ba tare da ta duba ba. Da ta waiwaya, babu ja a lungun.

Ta ce wa kanta ta kashe Auta. Haka tunanin ya zo mata, ba ta iya gyara shi ba. Ta mayar da wayar, gem ya tashi da 'yar waƙarsa ta farko kamar ba a yi komai ba. Sai ta kulle ƙofa, ta aika wa masu ɗinki cewa zazzaɓi ya kwantar da ita, ta zauna a ƙasa ta ɗauki abin dannawa, ita da ba ta taɓa riƙe shi ba sai don share ƙura. Da farko ta gwada tafiya da sojojin biyu, ja a hannu, shuɗi a ƙarƙashin yatsun ƙafa. Shuɗin bai taɓa tsallake ramin farko ba. Ran kwana na biyu ta haƙura, ta zaɓi wasan mutum ɗaya, wanda jan soja kaɗai ke fitowa. Manyan yatsunta suka yi bororo, suka fashe, ta naɗe su da ƙyalle ta ci gaba. Saura 'yan awoyi mijinta ya dawo ta hau gadar, ta tsayar da wasan. Jan soja na tsaye shi kaɗai, gefensa fayau.

Da ya dawo ta tare shi da magana tun bai cire takalmi ba. Ta ce kallon nan na cinye shi a tsaye, ta gaji da mayar da abinci kicin, in yana son zaman lafiya ya bar wa fitila aikinta. Ta yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Ya yi mata alkawarin ba zai sake kunna talabijin ɗin ba, ita kuma ta ɗinka yadin nan ta rufe komai.

Shekara tara tana kwana tana tashi da abin. Wani lokaci tana cikin ɗinki sai ta ji kamar an tsaya a bayanta, ta ɗaga ƙafa daga keke, ɗakin ya yi tsit, sai ɗan kukan wutar gem ɗin, siriri kamar na sauro. Tsoro take ji, ba na Auta ba, na ranar da mijinta zai san cewa abin da yake gadi ba hannun ƙanensa ne ya tsayar da shi ba.

Bana aka zo faɗaɗa titi, aka shafa wa bangonsu jan fenti, alamar rusau. 'Yarsu, wadda ke aikin jinya, ta samo musu gida a ɗaya gefen gari. Injiniya ya shafe mako yana shirin yadda za a ɗauke gem ɗin a kunne, ya kuma ce in an isa dole ya duba hoton sau ɗaya, ya tabbata girgizar hanya ba ta taɓa shi ba. Mai Keke ta buɗe baki, ta rasa ƙaryar da za ta ƙara.

Da safe suka hau bayan a-kori-kura, shi rungume da gem a cinya, batir tsakanin ƙafafunsa, yana yi wa direba ihu duk lokacin da aka tunkari rami. Ita kuwa idonta na kan fitilar, tana roƙon Allah a zuci ramin gaba ya kashe ta, a ce hanya ce. Ta ji kunyar addu'ar, amma ba ta fasa ba. Fitilar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

A sabon ɗakin, tsohuwar talabijin ta ƙi tashi, shekara tara ba wasa ba. Mai Keke ta sauke numfashi. Sai 'yar ta ce, "Baba, ga tawa sabuwa a kwali," ta je ta kinkimo ta. Injiniya ya durƙusa yana laluben wayar da za ta dace. Mai Keke ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, tsaya. Kafin ka kunna, akwai maganar da zan gaya maka."

Ta faɗi komai, tun daga sandar guga har yatsun da ta ce masa a lokacin dutsen guga ne ya ƙona su. Bai katse ta ba. Fuskarsa ce kawai ta zube, ya zama tsoho a gabanta.

"Shi kaɗai kika ce?"

"Jan kaɗai. Na yi iya yina da na Auta, wallahi na yi. Ka yafe mini."

"Ko dai a bar shi, Baba?" in ji 'yar a hankali.

Ya girgiza kai, ya soka wayar. Hoton ya fito tar, fiye da yadda suka taɓa ganinsa. Ga gadar, ga ƙofar ƙarfen, ga soja ɗaya tsaye. Shuɗi ne.

'Yar ta ɗauki rimot tana ta danne-danne, tana cewa sababbin nan sukan juya kala. Amma tutar da ke kan ƙofar ƙarfen ja ce, kuma ja ta fito.

"Kin tabbata ba ki ruɗe ba?" Muryarsa ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki. "Shekarun da yawa."

"Kwana uku ina kallonsa, Malam. Wasan mutum ɗaya ba ya ba da shuɗi, kai ka fi ni sani."

"Ba ya bayarwa," ya ce.

Ya matsa kusa har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya ɗora yatsa a gefen shuɗin sojan, daidai wurin da babu kowa, ya daɗe a haka. Ita tana jiran ya juyo da fushi, ta ma fi son fushin. Da ya juyo, tambayarta ya yi kamar mai neman hanya a garin da bai sani ba.

"To ni ina nake?"

Ta durƙusa kusa da shi ta kama hannunsa da hannu biyu, ta riƙe gam, ta ce wa 'yar ta je ta rufe ƙofar waje.