Rigar da Sitaci ya wanke

Maƙwabcina mai wanki da guga ne, shekara ashirin da ɗoriya bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Sitaci nake ce masa, don ko tsumman goge tebur sai ya sa masa sitaci ya kafa masa kari. Na sha gaya masa ranar da ya mutu sai ya tashi ya goge likkafaninsa kafin ya yarda a naɗe shi. Sai ya ce, "Kai dai je ka wanke wuyan rigarka tukuna."

Tabo ne abokin gabarsa. In ya ga ɗigon mai a rigar mutum a hanya, binsa yake da kallo kamar an zage shi.

Wata Talata da rana tsaka ya ɗauko ƙullin kayan mutane zai kai musu, 'yan sanda suka tare shi a bakin kasuwa, wai an fasa wani shagon tufafi. Ya ce su duba, kowace riga da alamar mai ita da zare a wuya. Ba su duba ba. Kwana uku yana hannunsu. Da ɓarawon gaske ya shiga hannu suka sako shi, farar rigarsa ta rine da jini, ga shatin takalmi a baya, ga karaya a wuyan hannun dama. Matarsa ta kai shi wurin mai ɗori don ya fi kusa. Ƙashi ya haɗe a karkace, dutsen guga ya gagare shi ɗagawa.

Wata lauya mai taimakon talakawa ta zo har tsakar gidanmu. Ta ce hukuma ce ke da alhakin abin da ma'aikatanta suka yi, kotu na iya sa ta biya diyyar hannun. Sai dai babu takardar asibiti, 'yan sanda kuma sun rubuta cewa lafiya lau ya fita. Matarsa ta ce rigar na nan, ta cusa ta a leda ƙarƙashin gado. Lauya ta ce shaidarsu ke nan, a kai mata ofis ranar Litinin.

Ni na raka shi. A hanya ina tsokanarsa, in diyya ta fito ya saya mini injin wanki in kashe masa kasuwa. Muka shiga, ya ajiye ledar a tebur da hannun hagu, lauya ta buɗe. Riga fara tas, a ninke, kari kamar bakin wuƙa.

Ta daɗe tana kallonta. "Baba, ina jinin?"

"'Yata, ai gaban alƙali za a kai ta. Ina mai wanki a ɗaga rigata da datti a gaban jama'a?"

Ashe kwana biyu ya yi yana cuɗa ta da hannun hagu, inda ta yage ma ya sa matarsa ta ɗinke. Na ga rigar a kan igiya ranar Lahadi, har na ce masa ashe hannun hagu ya fi na dama iya aiki. Wallahi ban gane ita ce ba.

An shiga kotu sau huɗu, aka kori ƙarar, wai babu shaida.

Yanzu matarsa ke gugar, masu kawo kaya sun ragu. Shi yana zaune a kan benci, hannun a cinya. Jiya da gangan na ɗiga mai a gaban rigata, na zo na tsaya a gabansa. Ya kalli tabon, ya kau da kai.