Ƙwaryar Goggo Dije

Ban taɓa mantawa da Larabar da aka buɗe baje kolin da na shirya don kammala digirina na biyu ba. A lokacin ina ma'aikaci a mataki na takwas a gidan adana kayan tarihi, ofis ya tura ni ƙaro karatu a fannin. Ƙa'idar makarantar ita ce ɗalibi ya tattaro kaya daga karkara, ya rubuta wa kowane abu katin bayani, sannan ya baje su gaban malamai. A katin ake sa sunan abu, inda aka samo shi, wanda ya yi shi, da shekarunsa. Abin da ba ka sani ba, sai ka rubuta ba a sani ba.

Ni ɗan Ƙaraye ne, don haka na zaɓi zanen ƙwarya a yankinmu. A wata ruga kusa da Jajaye na ga wata babbar ƙwaryar nono, ta yi baƙi don daɗewa a hannu, zanenta kamar saƙa. Mai gidan, Malam Buba, ya ba ni aronta. Na tambaye shi shekarunta, ya ce shi dai ya taso ya gan ta. Sai wata tsohuwa daga cikin bukka ta ɗaga murya ta ce, "Ai ni na zana ta, ɗana."

Na ji ta sarai. Na yi kamar ban ji ba. A ganina, ƙwaryar da mai ita ke raye ba za ta burge malamai ba. Da na koma, na rubuta a kati: "Ba a san mai zanen ba. Ta haura shekara ɗari."

Ranar buɗewa, ga Farfesa mai duba aikina, ga shugaban ofishinmu, ga baƙi. Don neman suna, na gayyaci masu kayan, ban zaci kowa zai taso daga ƙauye ba. Sai ga Malam Buba da mahaifiyarsa Goggo Dije, wato tsohuwar nan, da ƙanwarsa Hajara, malamar firamare.

Goggo ta tsaya gaban gilashin da aka sa ƙwaryarta a ciki tana murmushi. Ta ce, "Hajara, me aka rubuta a nan? Sunana ne?"

Hajara ta karanta a zuci, ta dube ni, sannan ta karanta mata a fili.

Goggo ta ƙura wa ƙwaryar ido. Can ta ce, "Shekara ɗari? Goyon Buba nake yi na zana ta. Ka ga nan da layin ya karkace? Kuka ya yi, wuƙar ta zame." Ta juyo gare ni ba tare da faɗa ba. "Ɗana, ai na gaya maka. Ko muryata ce ba ta fito ba?"

Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Malam Sani, ta gaya maka?"

Na ce, "Ta gaya mini, ranka ya daɗe."

Farfesa ya nufi wajen ƙwaryar. Ya buɗe gilashin da kansa, ya zare katin, ya durƙusa ya gaishe da Goggo, ya tambayi cikakken sunanta ya rubuta da bironsa. Ina tsaye ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka dakatar da aikin digirina shekara guda, aka ce in sake bin kowane kati. Na koma rugar da niyyar ba da haƙuri. Kafin in gama magana Goggo ta sa aka dama mini fura, ta ɗauko ƙore guda shida, ta zauna tana faɗa mini sunan kowane zane da wadda ta koya mata. Kwana uku ina rubutu. Rabin abin da ke cikin kundina daga bakinta ya fito.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Ƙarya a kati ba ta ruɓewa; sai ta zauna cikin gilashi yara su yi ta kwafa. Kuma in kun je gida kuka yi tambaya a waje, kada ku rufe littafi sai kun saurari amsar da za ta fito daga cikin ɗaki.