Kaka Nomau da Farar Rigarsa

Ranar kasuwar Batsari, ina tsaye wajen masu gyaɗa, wayata ta yi ƙara. Inna ce. "Larai, mijinki ya tafi," in ji ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana Nomau take nufi, wanda tun ina goye yake kirana amaryarsa, da na girma kuma yake tsokanata wai tuwona ko kaza ba ta ci.

Mu asalinmu Maguzawa ne na Karare. Kaka ya musulunta tun yana saurayi, ƙanwarsa Iya Tabawa kuwa coci take zuwa, kuma a gida ɗaya suka tsufa. Babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya ga an mai da mu abin kallo a waya.

Bara wasu samari masu ɗaukar bidiyo suka zo daga birni, wai suna neman "Bamagujen asali". Har walki suka zo da shi a leda, da ƙwarya, wai ya tuɓe ya ɗaura, ya zauna kamar mai shan burkutu. Kaka ya jujjuya walkin, ya shinshina, ya ce, "Samari, wanda ya kawo shi ya ɗaura, ni in ɗauke shi." Muka yi ta dariya har Iya Tabawa ta ƙware. Sai ya shiga ɗaki ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, ya sa ƙanwarsa ta ɗauro zanenta na Lahadi, suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

"To, ku ɗauka. Haka muke."

Suka ɗauka a daddafe, kuma har yau ba mu ga bidiyon ba. Ni dai na ɗauki hotonsu da wayata. Da baƙin suka tafi ya ce mini, "Amarya, ran da na mutu, kar ki bari a ɗaura mini abin da ban ɗaura ba."

Kaka, na cika alkawari. Wannan hoton na sa a sanarwar rasuwarka, kai da rigarka, Iya a gefenka. Wallahi ina kewar tsokanarka.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba mu haƙuri, musamman Iya Tabawa, wadda har yanzu in ta dama fura da safe, ƙwarya biyu take zubawa.